Malam Edita, a bar mana hirar littafi da ta yanayin gari

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina karanta jaridar nan amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abinda ya taso ni wata wasiƙa ce da kuka buga sati biyu da suka wuce, ta wani bawan Allah da yake ƙorafin wai shafin wasiƙu ya fara komawa majalisar hira. Abinda ya ɓata masa rai shine wata baiwar Allah da ta rubuto tana cewa ruwan sama ya hana ta fita sai ta zauna ta cinye littafi guda a yini ɗaya, wani kuma ya amsa mata da labarin nasa littafin da yadda hadari yake a wajensu, toh shi a ganinsa wannan asarar takarda ce tunda ga matsaloli sun yi wa mutane katutu. Wallahi ban ga laifinsa ba, zafin da yake ji a ransa nima ina jin irinsa. Amma ban yarda da maganarsa ba, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan in faɗi dalilina.

Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar da yamma, shekara biyar kenan, babu shugaba babu kuɗin ƙungiya, ko suna ma bamu da shi, tabarma ce kawai sai kowa ya zo da littafin da yake hannunsa a satin. Akwai ni, akwai wani abokina ma'aikacin lafiya, da wani matashi da bai daɗe da gama karatu ba, sai dattijonmu tsohon malamin makaranta wanda dukkanmu Baba muke ce masa, a ƙofar gidansa ake zaman. A duk tsawon shekarun nan ban iya tuna ranar da muka fara da maganar littafi kai tsaye ba. Kullum da yanayin gari ake buɗewa. Baba ya muka ji da sanyi, yace sanyi lokacinsa ne, ya gwiwar kuma, yace da sauƙi amma jiya da asuba ta matsa min, daga nan sai wani yace ai shi sanyin nan ma rana yayi masa don ya shige bargo da wuri ya ci babi uku, shikenan an faɗa cikin littafi ba wanda ya lura da lokacin da aka shiga.

Abinda ya sa na kasa yin shiru da wasiƙar can shine abinda ya faru da wannan abokin nawa ma'aikacin lafiya. Shekara biyu da suka wuce, a farkon shigowar sanyi, Allah ya yi wa matarsa rasuwa ta bar shi da yara uku. Mutumin da duk cikinmu babu mai karatunsa, wanda sai ya gama littafi biyu mu bamu kai rabin ɗaya ba, sai gashi ya kasa karanta ko shafi. Da bakinsa ya faɗa mana, yace in ya buɗe littafi sai ya maimaita layi ɗaya sau biyar bai san me aka ce ba. Amma bai daina zuwa zaman ba. Zai zo ya zauna a gefen tabarma hannu biyu cikin aljihu, kuma maganar da kawai yake iya sa baki a cikinta ita ce ta yanayi, ƙura tayi yawa bana, ƙaramar yarinyar tana tari da dare, leɓen yaran duk ya tsage, kuma sai da sanyi ya yi nisa ya tuna bai fito musu da rigunan sanyi ba saboda ita ce take tuna irin waɗannan abubuwan. Ranar da ya faɗi wannan ta ƙarshen duk sai muka yi tsit. Baba bai taɓa ce masa ka daure ka koma karatu ba, ko sau ɗaya, abinda yake tambayarsa kawai ya tarin yarinyar, an samu an rufe tagar nan da iska ke shigowa. A haka sanyi ya wuce zafi ya shigo, ya fara kukan baya samun barci sai wajen ƙarfe biyu na dare, sai rannan Baba ya shiga gida ya fito da wani siririn littafi na gajerun labarai ya miƙa masa yace tunda idonka biyu riƙe wannan, in baka karanta ba kayi fifita da shi. Bayan sati biyu mutumin nan ya zo tun kafin ya zauna ya fara faɗa, wai marubucin bai yi wa wata mata adalci ba a labari na huɗu, ya za ayi a ƙare labari a haka. Ni ranar da na koma gida sai da na yi hawaye. Da ace zamanmu na sharhin littafi ne zalla, irin wanda in baka karanta komai ba baka da ta cewa, da tun satin farko ya daina zuwa, kuma bansan inda zai je ya zauna ba.

Shi kansa littafin ma ai yana jin yanayi kamar jikin mutum. Takarda tana shan danshin da ke cikin iska, shi ya sa da damina zaka ga littafin da ka bari kusa da taga ko ka jingina da bangon ɗaki ya kumbura, shafukan sun lanƙwashe, marfinsa ya ƙi rufuwa, in ka kai hanci ka ji wani wari-wari, bayan kwana kaɗan kuma ɗigo-ɗigon fumfuna su bayyana. Masu kula da manyan ɗakunan karatu suna auna danshin iska ne saboda wannan, don in ya haura kamar kashi 65 cikin 100 kuma ya daɗe a haka fumfuna samun wurin zama take yi. Na taɓa jiƙa wani littafi da nake ji da shi, ruwa ya kama ni a hanya yana cikin jaka, na dawo washegari na shanya shi a rana tsaka, ya bushe kam amma ya murɗe, marfin ya ɗaye, har yau baya kwanciya daidai. A wajen hira Baba ya koya mana yadda ake yi, a tsayar da littafin a tsaye a ɗan bubbuɗe shafukan, a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa cusa farar takarda busasshiya tsakanin shafuka ana canzawa in ta jiƙe, sai ya kusa bushewa sannan a kwantar da shi a ɗora masa abu mai nauyi. Shi ne kuma ya bayyana mana abinda ke sa takarda ta koma ruwan ɗorawa, tun wajen tsakiyar shekarun 1800 aka fara komawa yin takarda da itace, kuma a cikin itace akwai wani sinadari da ake kira liginin wanda haske da iska ke canza masa launi, takardar jarida ita tafi yawansa, shi ya sa in ka manta jarida a rana kwana biyu zaka ga ta tsufa. Da rani kuma wata matsalar ce daban, gam ɗin da ya riƙe shafuka ya bushe ya tsage, kana buɗewa ka ji ƙas, sai shafuka su fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Ga gara, ga kyankyaso da ke bin gam. Duk wannan ban taɓa ganinsa a shafin sharhin littattafai ba, a bakin mutane na ji shi, kuma ta hanyar maganar ruwa da zafi ya shigo.

Sannan yadda mutum yake karatu ma lokaci ne ke juya shi. Ni dai da zafi bana iya jan dogon labari, kaina baya riƙewa, sai gajeru ko waƙoƙi ko abinda zan karanta shafi biyar in ajiye. Da sanyi kuwa, da dare yayi tsawo kowa ya shige ɗaki da wuri, lokacin nake ɗauko masu kaurin nan da na shekara ina hararensu a kanta. Matashin cikinmu shi akasin haka ne, wai sanyi barci yake sa shi, damina ce lokacinsa. Wanda yake noma kuma kowa ya sani da ruwa ya sauka littafi sai dai ya jira shi, malamin makaranta da ɗalibi sai an yi hutu, uwa mai goyo sai yaro yayi barci. In mutum yace min ga littafin da yake karantawa bai faɗa min a wane hali yake karanta shi ba, rabin labari ya bani.

Kuma ba mu kaɗai ba ne haka. Duniyar nan a karkace take juyawa, kusan digiri 23 da rabi, wannan karkatar ita ke kawo sauyin lokuta, waɗanda suke kusa da tsakiyar duniya dare da rana basu cika nisa da awa 12 ba duk shekara, amma can arewa mai nisa abin ba kama. A babban birnin ƙasar Aislan, wajen 21 ga Disamba, hasken rana na wajen awa 4 ne kawai. Mutanen ƙasar gaba ɗaya basu kai rabin miliyan ba amma sun maida wannan dogon duhun lokacin littafi, yawancin sababbin littattafansu a watannin ƙarshen shekara suke fitowa, tun 1944 ake buga wani kundi mai jerin sababbin littattafai, an kuma yi shekaru ana rabawa gidaje, a daren 24 ga Disamba kuma littafi yana cikin manyan kyaututtukan da suke ba juna. Asalin abin lokacin yaƙin duniya na biyu ne, kayan waje sun yi wuyar shigowa amma takarda bata sha takunkumi kamar sauran kaya ba, sai littafi ya zama kyautar da ake iya samu. A daidai wannan satin kuma mutumin Ostareliya ko Afirka ta Kudu yana tsakiyar zafi ne, yara suna dogon hutu. Toh jaridar nan yanzu ai har a waya ake karanta ta, akwai 'yan uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai su irin waɗannan wuraren, ni dai zan so in buɗe shafi in ga ɗaya yace yana karanta kaza ƙanƙara na zuba a waje, wani ya amsa masa daga inda ake neman inuwa.

Hatta su masu harkar littafin suna da nasu lokutan kamar manoma. Watan Oktoba ake sanar da wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi, a watan ne kuma ake babban baje kolin littattafai na Farankfot a Jamus, na Alƙahira wanda aka fara tun 1969 shi kuma wajen ƙarshen Janairu yake kamawa, ga 23 ga Afrilu da hukumar UNESCO ta ware tun 1995 a matsayin ranar littafi ta duniya. Bazan manta Oktoban 2021 ba da aka ce Abdulrazak Gurnah haifaffen Zanzibar ne ya ci Nobel, mu huɗun nan babu wanda ya taɓa karanta shi, muka yi ta kallon juna. Sai da muka yi watanni kafin kwafi ɗaya ya shigo hannunmu, muka riƙa karɓa-karɓa, wanda ya fara a cikin sanyi ya karanta, ni da na zo na ƙarshe har an fara ruwa, kuma abin mamaki da muka zauna tattaunawa kamar ba littafi ɗaya muka karanta ba.

Shi mai ƙorafin yace jarida ba wurin irin wannan ba ce. Ni kuma abinda na sani shine labari da jarida da hira tare suka taso. Charles Dickens na Ingila littafinsa na farko na ƙagaggen labari a 1836 ya fara fitowa, kuma ba a dunƙule ba, kashi-kashi ake sayarwa duk wata, mutane su karanta su yi wata guda suna muhawara kan me zai faru kafin na gaba ya fito, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. A Kyuba kuma tun 1865 aka fara wani abu a masana'antun naɗa taba na birnin Habana, ma'aikata su haɗa kuɗi daga aljihunsu su ɗauki mutum ɗaya ya hau kujera mai tsayi yana karanta musu da ƙarfi suna aiki, a karanta jarida a kuma karanta littafin labari, kuma su ma'aikatan suna da ta cewa kan littafin da za a karanta. Talakawa ne masu aikin hannu, suna da matsaloli iri-iri kamar kowa, amma basu ga cewa matsalar ta hana su sauraron labari ba.

Kuma Malam Edita in ka duba da kyau, matsalolin da ɗan uwanmu yake so a tattauna ai suna cikin hirar. Wadda tace ruwa ya shigo mata ɗaki ya jiƙa mata kwalin littattafai ta gaya maka halin magudanar ruwan unguwarsu. Wanda yace ya ajiye karatu sati biyu saboda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaransa ya gaya maka abinda damina take zuwa da shi. Wanda yace littafi ɗaya suke karɓa-karɓa su shida ya gaya maka halin aljihun mutane da halin ɗakunan karatu. Bambancin kawai ba da ihu aka faɗa ba. Wani abin kuma da na gani da idona, mu huɗun nan ra'ayinmu kan al'amuran duniya ya sha bamban sosai, akwai maganganun da in aka taɓo su a wani wurin da tuni an ɓata, amma saboda mun saba yin gardama kan mutanen cikin labari, wannan yace tauraron azzalumi ne wancan yace a'a talauci ne ya tura shi, mun koyi yadda ake musu a tashi ana dariya.

Don haka roƙona shine maimakon a kori irin waɗannan wasiƙun, a ware musu ɗan gurbi nasu, ko kwatan shafi ne sau ɗaya a sati. Ba sharhin masana nake nufi ba, wannan yana da wurinsa kuma ina karanta shi ina ƙaruwa. Ina nufin wurin da mutum zai rubuto layi biyar ko goma yace ga abinda nake karantawa, ga inda na kai, ga yadda gari yake a wajenmu, ga abinda ya hana ni ko ya bani dama. Dan Allah a sa sharaɗin kada kowa ya fasa ƙwan ƙarshen labari, wannan yana da ciwo, an taɓa yi min a littafin da saura shafi ashirin in gama kuma har yau ban koma kansa ba. A kuma lura da masu shigowa da rigar mai karatu alhali tallar littafinsu suka zo yi, in talla ce a kai ta shafin talla. Abinda nafi so a bari shine mutum ya iya cewa na fara littafi kaza na kasa gamawa, ba tare da an ɗauke shi jahili ba, saboda da yawa sun bar karatu ne don sun maƙale a littafi ɗaya da bai karɓe su ba suna jin kunyar ajiyewa. Kuma kar a raina abinda kowa yake karantawa, mai labarin soyayya da mai tarihi da mai littafin koyon kiwon kaji duk a basu wuri ɗaya. Ƙanwata ta fi ni karatu nesa ba kusa ba amma bata taɓa faɗa a gaban mutane ba, saboda an sha ce mata irin nata ba karatu ba ne, ita da ire-irenta nake tunawa da nake wannan rubutun, don su basu da tabarmar ƙofar gida irin tamu.

Bari in fara da kaina tunda ni na kawo maganar. Yanzu haka littafin da ke hannuna labarin wasu 'yan uwa biyu ne da rabon gado ya shiga tsakaninsu, shafi ɗari uku da wani abu, ina na 140. Idon Baba ya yi rauni tun bara, yanar ido ta fara rufe masa na dama, don haka ni nake karanta masa da baki, babi ɗaya duk zama, sauran biyun ma sun ajiye nasu suna saurare. Asabar ɗin da ta wuce muna tsaka da wurin da ƙanin ya dawo gida bayan shekara tara sai hadari ya taso, muka kwashe tabarma muka koma ciki, ruwa ya sauko kan kwano da ƙarfin da ko ni bana jin muryata, dole na sa yatsa a shafin na rufe. Muka zauna kusan awa ɗaya ana maganar inda rufin yake yoyo da wanda za a kira ya duba shi, Baba kuma yana ta nanata cewa shi bai yarda da dawowar yaron nan ba, akwai abinda ya zo nema. Har aka ɗauke ruwan duhu ya yi bamu koma ba, kuma na yi masa alƙawarin bazan leƙa gaba ni kaɗai ba sai Asabar mai zuwa.

Ita kuma baiwar Allahn da ta cinye littafi a yini ɗaya saboda ruwa, in tana ganin wannan, dan Allah ta sake rubutowa ta faɗa mana wanne ta ɗauka bayansa.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku duk sati